Zobo Mai Gas Daga Tulun Ƙarfe: Amsoshin Tambayoyin Masu Son Farawa

Tun ranar da muka kai tulun zobo walimar wani maƙwabcinmu, jama'a suka ga ana danna famfo yana zubowa da sanyi yana tsartuwa kamar lemon kwalba, tambayoyi ba su yanke mana ba. Ni da uwargida muna sayar da zobo da ruwan citta a wani ƙauye tsakanin Gumel da Maigatari, kuma bana shekararmu ta uku da fara zuba shi a tulun gas, wanda ake kira keg. Yawancin masu tambaya mata ne da suka daɗe suna ƙulla zobo a leda, sai matasa masu shagon kayan sanyi. Na tattara tambayoyin da suka fi dawowa, na amsa su gwargwadon abin da hannuna ya taɓa.

Mene ne keg ɗin nan, kuma me ya raba shi da jarka?

Tulu ne na ƙarfen da ba ya tsatsa, dogo, tsayinsa ya ɗan haura santimita 60, yana cin lita 19. Akwai ƙanana masu lita 9 da rabi. A samansa akwai murfi mai faɗin da hannu zai shiga, da kawuna biyu. Kai ɗaya na shigar gas ne, bututunsa gajere. Ɗayan na fitar abin sha ne, bututunsa ya sauka har gindin tulun. Gas ya danno daga sama, zobo ya hau ta dogon bututu ya fito famfo. Aikin ke nan gaba ɗaya.

A kasuwa idan ka ce keg, wasu jarkar roba za su miƙo maka. Jarka ba ta ɗaukar matsin gas, tsagewa za ta yi. Wanda muke nufi ana kiransa Cornelius, sunan kamfanin Amurka da ya yi fice wajen ƙera shi, kuma an yi shi ya jure matsi har psi 130 (psi ma'aunin matsi ne, irin wanda mai faci ke aunawa a taya), alhali aikinmu ba ya wuce 30 zuwa 35.

Ba kayan 'yan giya ba ne? Ya halatta in yi amfani da shi?

Wannan ita ce tambayar da mahaifina ya fara yi mini, kuma ta cancanci amsa a natse. Asalin tulun na kamfanonin lemo ne. Pepsi da Coca-Cola suka yi shekaru suna kai lemo gidajen abinci a cikinsa, da suka koma amfani da leda cikin kwali sai tsofaffin tuluna suka cika kasuwa, masu haɗa giya a gida a Amurka da Turai suka kwashe su. Shi ya sa idan ka bincika a intanet kusan duk bayanin da za ka gani nasu ne. Ƙarfen dai ƙarfe ne, kamar tukunya.

Abin lura yana wajen yadda gas ke shiga abin sha. Hanya biyu ce. Ta farko a bar yis ya ci sukari, ya fitar da gas tare da barasa. Wannan ba tamu ba ce, addini ya hana, kuma a Kano da Jigawa doka ma ta hana tun da aka ƙaddamar da Shari'a a shekarar 2000. Ta biyu a tura gas daga tukunyarsa ya narke cikin ruwa mai sanyi, yadda ake yin duk lemon kwalbar da muke sha. Wannan ba ta haifar da ko ɗigon barasa. Sai dai zobo mai sukari idan ya zauna cikin zafi zai iya juyawa da kansa, a tulu ko a leda. Duba amsar tambayar kwana nawa zobo zai yi, domin can ne amanar take.

Idan tsohon tulu ka saya, tambayi mai shi abin da aka zuba a ciki. In giya ce, ko ba a sani ba, cire duk robobinsa ka zubar, ka wanke ƙarfen tas, ka kuma tuntuɓi malamin da ka yarda da shi. In zuciyarka ba ta kwanta ba, sayi sabo.

Waɗanne kaya zan tanada kafin in fara?

Tulun kansa, tukunyar gas, ragileta mai rage ƙarfin gas ɗin, tiyo biyu (na gas da na abin sha), mahaɗai biyu da ake dannawa a kawunan tulu, da famfo. Na roba mai ɗan maɓallin dannawa ya isa mai farawa. Ƙara da ƙananan maɗaurai na matse tiyo, da zobban roba na ajiya. Tulu ɗaya yana da zobba biyar: babba a murfi, biyu a kawuna, biyu a wuyan bututai. Zoben da bai kai girman kwabo ba yana iya tsayar maka da ciniki ranar kasuwa, kuma ba za ka same shi a ƙauye ba.

Na bar mafi girma a ƙarshe: wurin sanyaya. Kada ka biya kuɗin ko ɗaya daga cikin waɗannan sai ka karanta amsar tambayar firiza.

Na ga ana cewa akwai mai ƙwallo da mai ƙusa. Wanne zan ɗauka?

Bambancin a mahaɗi yake. Na Pepsi mahaɗinsa yana kamawa da ƙananan ƙwallayen ƙarfe, na Coca-Cola kuma yana da 'yan ƙusoshi a kai, biyu a wajen gas, uku a wajen abin sha. Mai ƙusa ya fi gajarta ya fi kauri. Mahaɗin wannan ba ya shiga wancan, don haka zaɓi iri ɗaya ka tsaya a kai. Sababbin da ake ƙerawa yanzu galibi masu ƙwallo ne, kayansu sun fi sauƙin samu. A nan, mahaɗi mai ruwan toka na gas ne, baƙi na abin sha. In ka musanya su da ƙarfi, cire su sai da wahala.

Wajen sayen tsoho, leƙa cikinsa da tocila ka duba tsatsa ko ramuka, ka duba bakin murfi kada ya lanƙwashe. Tulun kirki ana ajiye shi da ɗan gas a ciki, in ka ja ɗan zoben sakin gas da ke saman murfin za ka ji ya yi huci.

Wane irin gas ne? Tukunyar gas ɗin girki za ta yi?

A'a, ko kusa. Gas ɗin girki wuta yake kamawa. Namu iskar kabon ce, wadda ake rubutawa CO2, ba ta cin wuta, kuma dole ta zama irin wadda aka tace domin abinci. Faɗa wa mai cikawa cewa ta abin sha kake so. Sai ka shiga Kano wajen dillalan iskar masana'antu, ban san mai cika ta a ƙauyukanmu ba, saboda haka lissafa kuɗin mota cikin jarinka.

Kada ka ɗauki tukunyar kashe gobara don ka ga an rubuta CO2 a jikinta. Tana da bututu a ciki mai zuƙo gas ɗin yana ruwa, wanda zai lalata ragileta, kuma ba don ciki aka tanade ta ba. Ragiletar masu walda ta iskar oksijin ita ma ba ta wannan aikin ba ce. Wani abin da ya taɓa ba ni wahala shi ne zaren baki: na Amurka, CGA 320, daban yake da na Turai da na Ingila. Tafi da ragiletarka a hannu ka gwada ta a bakin tukunyar kafin ka biya.

Ba ni da firiza, wuta kuma sai ta ga dama. Zai yiwu?

Nan ne yawancin mutane ba sa son jin amsata. Gas ba ya sanyaya abin sha, kuma ba ya zama cikin abu mai ɗumi. Ruwa mai sanyin digiri 5 yana riƙe gas fiye da ninki biyu na abin da ruwa mai digiri 30 zai riƙe a matsi ɗaya. Ka tuna lemon da ya wuni a rana, kana buɗewa ya taso ya zube, abin da ya rage kuma salam. Haka zobonka zai yi. Ana buƙatar tulun ya zauna tsakanin digiri 2 da 5, dare da rana, daga lokacin da aka cika shi har ya ƙare.

Randa ba za ta kai ka can ba. Ko dabarar tukunya cikin tukunya da marigayi Mohammed Bah Abba ya yaɗa a nan Jigawa, har ta ba shi lambar yabo ta Rolex a 2000, tana da amfani sosai wajen adana tumatir da alayyafo, amma sanyinta bai kai wanda gas ke so ba. Abin da ke aiki shi ne firiza mai buɗewa ta sama, a kan sola ko wuta mai tsayawa, tare da ɗan na'urar da ke kashe ta idan sanyi ya kai digirin da ka saita, don kada zobon ya daskare. Auna zurfin firizar tukuna, ka bar kamar taƙi ɗaya a saman tulu saboda mahaɗai.

Wanda ba shi da firiza yana da hanya ɗaya: aikin yini guda. Ka yanke durom ɗin roba, ka tsayar da tulu a ciki, ka kewaye shi da ƙanƙara da ɗan ruwa, ka lulluɓe da buhunan algarara. Bayan awa uku zuwa huɗu ya yi sanyi, ka sa gas ta hanyar girgizawa da na bayyana a ƙasa, ka sayar a ranar. Haka muke yi wa biki da suna da buɗa-baki. In ƙanƙarar ma sai an yi tafiyar awa biyu kafin a samo ta, ina ba ka shawara tsakani da Allah ka ci gaba da ledarka har sola ta samu.

Zan iya zuba kunun aya, ko kunun zaƙi, ko fura?

Kada ki zuba, Hajiya. Dalili na farko kauri: suna kwantar da gari a ƙasa, daidai bakin dogon bututu, ya toshe. Na biyu ya fi tsanani. Waɗannan ba su da tsami sosai, musamman kunun aya, kuma cikin tulu babu iska. Akwai ƙwayar cuta mai fitar da dafi mai kisa wadda irin wannan wuri take so, amma ba ta iya girma idan abu ya yi tsamin da lambarsa ta sauka ƙasa da 4.6 a ma'aunin pH, wanda lambarsa ke raguwa idan tsami ya ƙaru. Zobo tsantsa yana wajen 3 ko ƙasa, tsamiya ma haka, shi ya sa suka dace. Ruwan citta sai an matsa masa lemon tsami da yawa.

A kan wannan ne nake roƙon masu jefa kanwa a zobo don kashe tsami da ƙara duhun launi su bar ta idan tulu za a zuba. Tsamin nan da kike kashewa shi ne mai gadin zobonki. In ya yi miki kaifi, ƙara ruwa da sukari.

Yaya zan haɗa zobon kuma in cika tulun?

Dafa shi yadda kika saba, da citta da kanumfari, sai dai komai ya shiga wuta. Ɓawon abarba da wasu ke jefawa ɗanye bayan an sauke yana ɗauke da yis a jikinsa, to a tafasa shi tare. Sukari ma a narkar da shi tun da zafi. Lemon kwalba yana da kusan giram 100 na sukari a kowace lita, wato wajen kilo 2 a tulu guda. Mu muna ragewa, amma ki sani gas yana ƙara ɗan kaifi a harshe, zobon da ya yi daidai a kofi zai iya komawa kamar sukari bai ji ba.

Tacewa ita ce rabin aikin. Uwargida tana tacewa da rariya, ta bar shi a rufe ya huce laka ta kwanta, sannan ta sake tacewa da farin ƙyalle ninki biyu wanda ta tafasa. Kofi biyu na ƙarshe na gindin tukunya ba sa shiga tulu. Ki cika ki bar kamar yatsu uku ƙasa da ɗan gajeren bututu, ki rufe, ki ba shi gas psi 20 don murfi ya kama, sannan ki ja zoben murfi ya yi huci, ki saki. Sau huɗu haka, iskar da ke ciki ta fita.

Psi nawa zan saita, kuma sai yaushe zai kama?

Psi ɗin nan shi ne wanda mai faci ke aunawa a taya, tayar ƙaramar mota tana ɗaukar wajen 30. Ga tulu mai sanyin digiri 4 zuwa 5, psi 20 zuwa 25 yana ba da kaifi kusa da na lemon kwalba. Lambobin 10 zuwa 12 da za ka riƙa gani a intanet na abin shan da ba ya son gas da yawa ne, a zobo za ka ji kamar bai kama ba.

In ba ka sauri, saita 25 ka bar shi a firiza da gas a buɗe, cikin mako guda ya kama. In kana sauri, tabbatar ya yi sanyi ƙarara, saita 30, ka kwantar da tulun a cinyarka kan gas yana sama, ka riƙa jijjiga shi kamar mai lallashin jariri. Za ka ji ragileta tana kuka, alamar gas na shiga. Bayan minti biyar zuwa goma kukan zai ragu. Tsayar da shi cikin sanyi ya huta awa ɗaya ko biyu kafin ka taɓa famfo. Kada ka rufe tukunyar gas kana jijjigawa da tiyo a haɗe, zobo zai iya komowa baya ya shiga ragileta.

Kumfa kawai ke fitowa. Me na ɓata?

Duba abu uku bi da bi. Ko tulun bai yi sanyi ba, koma amsar tambayar firiza. Ko tiyon ya yi gajere ko faɗi. Zobo mai psi 25 yana buƙatar siririn tiyo mai ramin kusan milimita 5, tsawon mita 6 zuwa 8, a naɗe a cikin sanyi tare da tulun, domin ya rage gudu kafin ya iso famfo. Mita ɗaya da rabi da ake haɗowa da kaya ba ta isa. Na uku hannunka ne: danna famfo gaba ɗaya, ka karkata kofi. Rabin dannawa kumfa yake ƙarawa.

In duk wannan daidai ne, gas ya yi yawa. Cire mahaɗin gas, ka riƙa jan zoben murfi lokaci-lokaci na yini guda.

Tukunyar gas guda tulu nawa za ta yi? Tawa ta ƙare cikin kwana biyu.

Tulu ɗaya yana cin kusan giram 250, tsakanin wanda ya narke da wanda ya turo zobon waje. Tukunya mai kilo 2 ta kamata ta kai ka tulu shida zuwa takwas. In ta ƙare cikin kwana biyu, yoyo ne. Ni ma ta faru da ni a makon farko: na kwanta da tukunya cike, da asuba na tarar allura ta faɗi ƙasa. Ɗan farin zoben da ke tsakanin ragileta da bakin tukunya ne ya faɗo a mota ban lura ba. Tun daga ranar, duk haɗin da na yi sai na shafa masa ruwan sabulu da soso, na tsuguna ina kallo. Inda ƙwai-ƙwai suka taso, nan ne ɓarakar.

Agogon ragileta na biyu, mai nuna matsin tukunya, kada ya ruɗe ka. Gas ɗin ruwa ne a ciki, allurar ba ta sauka sai ya kusa ƙarewa. Nauyin tukunyar ba komai a ciki yana buge a wuyanta. Ɗora ta a sikeli ka debe, shi ne gaskiyar abin da ya rage.

Da me zan wanke shi?

Ranar da ya ƙare, a ranar za a wanke. Saki gas, buɗe murfi, kwance kawunan biyu da sifana, zaro bututai. Ruwan zafi da sabulu mara ƙamshi, soso mai laushi, da siririn buroshi na cikin dogon bututu. Ban da bilic, yana cin wannan ƙarfen ya bar ramuka. Ban da soson ƙarfe. Kafin a cika, a zuba tafasasshen ruwa lita uku zuwa huɗu, a rufe, a jujjuya da tsumma a hannu, a tura shi ya fita ta famfo da ɗan gas. Wanda ya samu maganin kashe ƙwayoyin cuta na kayan abinci irin su Star San ya fi. Tiyo da famfo su ne aka fi mantawa, kuma a nan baƙin datti ke taruwa.

Kwana nawa zobo zai yi a tulu, kuma yaya zan gane ya juya?

Gas yana rage saurin lalacewa amma ba ya hana yis aiki, sanyi ne ke hana shi. Ƙa'idar gidanmu: in sanyi bai yanke ba, mako biyu daga ranar dafawa, muna rubuta ranar a jikin tulu. In sanyi ya yanke yini guda, a sayar a ranar ko a raba wa yara. In ya wuce haka, a ɗanɗana da tsoron Allah.

A watan Afrilun shekararmu ta farko batirinmu ya mutu muna wajen rasuwa, tulu ya kwana uku cikin zafin da ya haura digiri 40. Da na dawo na ja zoben murfi, hucin ya fi wanda na bari ƙarfi nesa ba kusa ba, ga wani wari kamar ƙullun da ya kwana. Na ɗiba a kofi, zaƙin ya ragu, launin ya yi gurɓi. Alamomin ke nan guda huɗu: matsi ya ƙaru da kansa, wari, zaƙi ya ragu, ruwan ya dagule. Uwargida ta tsaya tana kallo na tuntsurar da lita 19 a bayan gida, kuɗin sukarin ma bashi ne. Ya zo a hadisi cewa ana jiƙa wa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, zabibi ya sha har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage a shayar ko a zubar. Wanda ya miƙo kuɗinsa ya karɓi kofinka ya yarda da kai ne, ba shi da hanyar sanin abin da ke cikin ƙarfen.

Akwai hatsari a ajiye tukunyar gas a gida?

Akwai, kuma zafinmu yana ƙara shi. Matsin cikin tukunya yana wajen psi 850 a digiri 21, idan ya wuce digiri 31 kuma yana hawa da sauri. Kada ta zauna a rana, ko cikin mota a rufe, ko kusa da murhu. Ta tsaya a tsaye kullum, ɗaure da igiya ko sarƙa a jikin bango inda yara ba sa kaiwa. In za ka ɗauko ta a babur, cire ragileta tukuna.

Iskar kabon ta fi iskar shaƙa nauyi, ba ta da launi, tana taruwa a ƙasa. Mu kuwa a tabarma muke kwana. Kada a ajiye ta a ɗakin barci. In ka sunkuya cikin firiza ka ji hanci ya yi yaji ko kai ya sara, ɗago nan take ka bar murfin a buɗe.

Jarina kaɗan ne. Akwai yadda zan gwada kafin in sayi tulu?

Akwai wani murfi da ake ɗaurawa a bakin gorar lemo ta roba, mahaɗin gas mai ƙwallo yana kama shi. Da shi da tukunyar gas da ragileta, za ka cika gorar lita ɗaya da rabi da zobo mai sanyi, ka matse iskar ta fita, ka ba ta psi 30, ka girgiza minti biyu. Gorar da ta taɓa ɗaukar lemo mai gas kawai, ban da ta ruwan sha, ban da kwalbar gilashi. Kai wa mutum goma su ɗanɗana, ka tambaye su nawa za su ƙara a kan kuɗin na leda.

Daga nan lissafi ne. Tulu guda yana ba da kofi 55 zuwa 57 masu cin santilita 33. Tara kuɗin zoɓorodo, sukari, itace, ƙanƙara, kofuna, da kason gas da na motar Kano, ka raba. Zoɓorodon dai a gonakinmu yake, daga nan ake lodinsa zuwa Meziko, saye shi da kaka ya fi araha. In kuma niyyarka ka ɗura a gora ka manna suna ka kai shaguna, wannan ya shiga hurumin NAFDAC, sai ka nemi rajistarsu kafin ka buga takardar mannawa.